Hitar Wanka: Yadda Ake Wanke Tsatsar Zare Kafin a Ɗaura Sabuwar Sandar Anod

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, duk wanda ya taɓa kwana a Riruwai ko Dadin Kowa ya san sanyin kudancin Kano ba irin na cikin birni ba ne. Iskar hunturu tana ratsowa ta tsaunukan Doguwa da dajin Falgore, a Bebeji kuma ga sanyin ruwan Tiga da na Bagauda. A wannan lokacin ne ake tunawa da hitar wanka, bayan ta shafe wata takwas ko tara a maƙale a bangon banɗaki ba wanda ya ko kalle ta. Ana kunna ta sai ruwa ya fito ja-ja, ko ya zo da warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko a ga tana ɗiga ta ƙasa.

Ba hitar bokiti ake nufi ba, wadda ake tsomawa a ruwa. Ana maganar mai tanki ce, irin su Ariston da Midea da Haier Thermocool masu cin lita 10, 15, 30, 50 har zuwa 100, waɗanda ake samu a sababbin gidaje, da masaukin baƙi, da asibitoci. A cikin kowace irin wannan hita mai tankin ƙarfe akwai wata sanda da ake kira anod. Ita ce ke hana tankin hujewa, kuma ƙarewa take yi. Duk matashin da ya bincika a YouTube zai ji an ce a canja ta, kuma gaskiya ne. Abin da bidiyon ke wucewa da sauri shi ne ramin da ake murɗa ta a ciki. Zaren wannan rami, wato haƙoran nan da ke zagaye cikin noti, shi ne inda aikin ke kyau ko ya lalace. Ana iya sayo sanda mai kyau, a ɗaura ta a kan zare mai tsatsa, ta zauna daram ba ɗigon ruwa, amma ba abin da take karewa.

Me sandar take yi a cikin tanki?

Tankin hita ƙarfe ne aka shafe cikinsa da wani irin gilashi da aka gasa da zafin da ya haura digiri 800. Irin shafen da ke jikin langa da tsofaffin kwanukan jere ne. Kowa ya san halin langa: muddin shafenta na nan lafiya lau take, amma ranar da ta faɗi ta ɓantare a wuri guda, wannan baƙin tabon ne zai yi tsatsa har ya huje. Tankin hita ma haka. Komai ingancin kamfani, shafen ba ya rufe ko'ina, musamman bakin walda da bakin bututu, sannan zafi da sanyi na yau da gobe suna ƙara masa ƙananan tsagogi.

Maganin da aka samo tsohuwar dabara ce. A 1824 masanin kimiyyar Ingila, Humphry Davy, ya nuna cewa idan aka manna guntun tutiya ko ƙarfe a jikin jan ƙarfen da ake lulluɓe jiragen ruwa da shi, ruwan teku yana cin guntun ne ya ƙyale jan ƙarfen. Har yau da wannan dabara ake kare jiragen ruwa da bututun mai da ake binnewa a ƙasa. Ƙa'idar ita ce: idan ƙarafa biyu mabambanta suna cikin ruwa ɗaya kuma suna haɗe da juna, wanda ya fi saurin narkewa shi ke narkewa, ɗayan ya huta. Wanda ya taɓa ɓare tsohon batirin tocila, irin su Tiger Head, ya ga wannan da idonsa. Gwangwanin tutiyar da ke waje ya cinye ya yi huji-huji, baƙin sandan da ke tsakiya kuwa yana nan yadda yake.

Sandar anod ta hita galibi maganiziyam ce, wani farin ƙarfe marar nauyi, da aka zuba a kan siririyar wayar ƙarfe. Maganiziyam ya fi ƙarfen tanki saurin narkewa nesa ba kusa ba, don haka shi ke zama fansa. A hankali yake ramewa, yana yin ramuka, har ya koma waya tsirara. Daga ranar da ya ƙare, tsatsa ta koma kan tanki.

Akwai abin da masu hita da yawa ba su lura da shi ba. Wannan narkewa ba ruwanta da wutar KEDCO. Ko an kunna hitar ko ba a kunna ba, muddin akwai ruwa a ciki sandar tana ci. Zafi yana ƙara mata sauri ne kawai. Saboda haka hitar da ake amfani da ita wata uku a shekara ba ta tsira ba. Littafin da ke zuwa da hitar Ariston ya ce a canja sandar duk shekara 2, a kuma duba ta duk shekara idan ruwan wurin mai cin ƙarfe ne. A Kiru da Bebeji da Tudun Wada, inda galibin gidaje rijiya da burtsatse suka dogara da su, ruwan wannan unguwa ba lallai ya zama irin na waccan ba. Buɗewa a duba bayan shekara guda shi ne zai nuna irin saurin da ruwan gidan ke cin sandar.

Dalilin da ya sa zaren ya fi komai muhimmanci

Sandar da tankin ƙaramin batir ne. Batir kuma ba ya aiki sai da'irarsa ta rufe. Rabin da'irar ta cikin ruwa take bi, ɗaya rabin kuma ta ƙarfe, kuma wurin da ƙarfen sanda ke taɓa ƙarfen tanki guda ɗaya ne tak: zaren nan. Ƙarfin wutar da ke tsakaninsu bai wuce kamar bolt 1 ba, abin da ke gudana kuma 'yan miliamfa ne. Wutar gida mai bolt 230 tana iya ratsa ɗan datti ta wuce. Bolt 1 ba zai iya ba. Ɓawon tsatsa ko farin gasa mai kaurin farce ya isa ya datse hanyar.

Masu wayar salula sun san irin wannan matsala sarai. Caja lafiyarta ƙalau, batir lafiyarsa ƙalau, ga wuta a soket, amma waya ta ƙi ɗaukar caji saboda ƙura ta cushe ramin caji. Bambancin kawai shi ne waya tana nuna wa mai ita cewa ba ta caji. Hita ba ta da allo. Shiru za ta yi, sai bayan shekara ɗaya ko biyu a ga ruwa yana bin bango. Shi ya sa idan aka buɗe tsohuwar hita aka tarar da sandarta sumul kamar jiya aka sa ta, alhali tankin ya yi tsatsa, ba abin murna ba ne. Alama ce ta cewa sandar ba ta taɓa haɗuwa da tankin ba.

Hitar bidiyo daban, hitar bango daban

Mafi yawan bidiyon da ake gani a kan wannan aiki daga Amurka suke. Hitarsu doguwa ce a tsaye a ƙasa kamar durom, sandar kuma daga sama take shiga, da babban kan noti mai kusurwa shida da ake kwancewa da soket mai inci 1 da 1/16, wato kusan milimita 27. Zarenta na bututu ne mai inci 3/4, wanda ake kira NPT. Matashi ya kalli wannan, ya hau kujera ya duba saman hitar gidansu, bai ga noti ba, sai ya yanke hukuncin cewa tasu ba ta da anod.

Tana da shi. Hitocin da suka fi yawa a kasuwannin Kano tsarin Italiya ne ko kwaikwayonsa, kuma a cikinsu sandar gajeriya ce, a ɓoye take a cikin tanki, a murɗe a jikin faifan ƙarfen da ke ɗauke da elemen, wato ƙarfen da ke dafa ruwan. Sai an cire wannan faifai ake ganinta. Wasu faifansu mai siffar ƙwai ne, da noti ɗaya a tsakiya. Idan aka kwance notin aka cire ƙarfen da ya gindaya, ana tura faifan ciki ne, a juya shi, sannan ya fito. Wasu kuma faifansu zagayayye ne da notuna a kewaye, sau da yawa guda 5. Sandar tana da ɗan siririn bindi mai zare, girmansa M5, M6 ko M8, wato kaurin milimita 5, 6 ko 8.

Nau'i na uku shi ne na manyan tankuna da wasu tankunan hitar sola, inda sandar ke shiga daga waje kamar ta Amurka, amma zarenta na Ingila ne, BSP. A nan akwai tarko. A girman inci 3/4, da NPT da BSP duk haƙora 14 suke da su a kowane inci, don haka ɗaya yana fara shiga cikin ɗaya kamar sun dace. Ba su dace ba. Kusurwar haƙorin NPT digiri 60 ce, ta BSP kuma 55. Idan aka matsa da ƙarfi za a murƙushe zaren tankin, ya riƙa tsattsafo da ruwa har abada.

Wayar hannu tana rage wahala a nan. Kafin wanda ke Tudun Wada ko Riruwai ya biya kuɗin mota zuwa Sabon Gari ko Kofar Ruwa, ya ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin hitar mai ɗauke da lambar samfurinta, ya kuma ɗauki tsohuwar sandar a gefen rula, ya tura wa mai shago ta WhatsApp. Ya sayo har da sabuwar robar faifai, domin tsohuwar ba kasafai take sake riƙe ruwa ba. A shagon ma akwai gwaji mai sauƙi: a ɗan kankare jikin sandar a ɗiga khal. Maganiziyam nan take yake kumfa, alminiyam kuwa ko gezau. A hannu ma ana ji, don maganiziyam ya fi alminiyam rashin nauyi da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Kafin a taɓa sifana

Babban haɗari a wannan yanki shi ne a ce ai babu wuta. Wutar da ba ta sallama lokacin tafiya ba ta sallama lokacin dawowa, kuma tana iya tarar da hannun mutum a kan wayoyin elemen, ƙafarsa a cikin ruwa. A kashe makunnin hitar, a kashe birekarta a babban akwati, a kuma gaya wa mutanen gida kada wanda ya tada janareta ko ya juya layi zuwa inbata. Sannan a gwada da tasta.

Idan hitar ta daɗe ba a yi amfani da ita ba, daga mako 2 zuwa sama, iskar haidurojin tana iya taruwa a samanta, domin narkewar maganiziyam na fitar da ita, kuma tana kama wuta. A buɗe famfon ruwan zafi na 'yan mintuna, babu sigari, babu kyandir, babu ashana. Bayan nan a rufe ruwan da ke shigowa, a bar famfon zafi a buɗe don iska ta shiga, a zuƙe tankin ta ɓangaren bututun sanyi. Idan an kunna ta a ranar, a jira ta huce.

A ɗauki hoton wayoyin kafin a cire ko guda ɗaya, har da ta ƙasa mai launin kore da rawaya. Hoto biyu ko uku daga kusurwa daban-daban ya fi dogaro da ƙwaƙwalwa. Sannan a tara bokiti, don ko an zuƙe, akwai ragowar ruwa da laka da za su biyo faifan.

Ga mai sandar da ke shiga daga sama, shawarar ta sha bamban: kada a zuƙe tankin duka, a rage 'yan litoci kawai, saboda nauyin ruwan ne zai hana shi juyawa ya karya bututu. A yi amfani da soket mai kusurwa shida da dogon hannu. Sifanar daidaitawa tana zamewa ta cinye kan notin. Idan ya ƙi, a ɗan matsa shi gaba kaɗan kamar za a ƙara ɗaurewa, sannan a dawo baya. Wannan yana fasa ɓawon tsatsar. Kada a kawo wutar gas. Tsakanin tankin da murfinsa na waje soso ne mai kama wuta, zafin kuma yana tsaga shafen ciki.

Wanke zaren

Da farko a san abin da ake faɗa da shi. A kunna fitilar waya a ɗauki bidiyon ramin a kusa, sannan a buɗe shi a zuƙo hoton. Ido ba ya ganin abin da kyamara ke gani a wannan lungu. Abu iri biyu ake tararwa. Fari ko toka-toka mai tauri gasa ne na ruwa da ragowar maganiziyam, kuma da sauƙi yake narkewa a abu mai tsami. Ja ko baƙi-baƙi tsatsa ce, ita kuma ƙarfen kansa ta ci, wanda ke nufin zaren ya riga ya ɗan rame. Aikin shi ne a fitar da datti daga kwarin haƙoran ba tare da an rage ƙarfen da ya saura ba.

A fara a bushe. Ƙaramin burushin waya ya isa, a riƙa juya shi yana bin zaren yadda noti ke fita, domin dattin ya yo waje. Inda burushi bai kai ba, a lanƙwasa bakin allura ko siririyar waya a bi kwarin zaren zagaye bayan zagaye. Aiki ne na haƙuri, minti goma ko sha biyar. Samfefa ba ta da amfani a nan, kan haƙoran take ci ta bar dattin da ke kwari.

Sai jiƙawa. Farin khal na girki ya wadatar, ruwan lemon tsami da aka tace shi ma yana yi. Idan faifai ne da aka ciro, a kwantar da shi a roba yadda khal zai rufe ramin da elemen, amma kada ya taɓa ɓangaren da wayoyi ke shiga. Rabin awa zuwa awa biyu, gwargwadon kaurin dattin. Za a ga kumfa tana tashi daga farin gasan. Idan ramin a jikin tanki yake, a jiƙa tsumma a cusa, a ɗaure shi da igiya don kada ya faɗa ciki, a bar shi rabin awa, a sake gogewa da burushi. Sau biyu ko uku ana maimaitawa. Sabuwar sandar kuma a ajiye ta nesa da robar khal ɗin, don cinye ta zai yi.

Akwai abubuwan da aka saba gani a gareji da ba su da wuri a nan. Ruwan batir yana cin tsatsa, amma yana cin zaren tare da ita, ga ƙuna ga haɗarin ido. Baƙin mai da man birki da kalanzir suna kwance noti, sai dai wannan ruwa ne da za a yi wa jariri wanka da shi, wani ma ya kuskure baki. Man feshi irin su WD-40 ana iya sa shi a notunan waje na faifai, a goge shi tas kafin a rufe. Cikin ramin anod kuwa a bar shi ba mai, domin mai shi ma shamaki ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe.

Bayan khal, a ɗauraye da ruwa, a bi da ɗan ruwan kanwa ko bekin soda don ya kashe ragowar tsamin, a sake ɗaurayewa, a busar. Ƙarfen da aka wanke da tsami yana sake yin ja cikin 'yan awanni, don haka a gama aikin a ranar.

Yanzu sai daidaita zaren. Masu kayan aiki suna da wani ƙarfe mai kaifi da ake yanka zare da shi, tap. Wanda bai saba da shi ba gara ya bar shi, musamman a ramin NPT wanda tsukakke ne ta ciki: duk zagayen da aka ƙara faɗaɗa ramin yake yi, kuma ƙarfen da aka yanke ba ya dawowa. Garin neman gira sai a rasa ido. Akwai hanyar da ta fi aminci kuma kusan kyauta ce. A samo kusa mai zare daidai girman ramin, M6 ga M6, ko ga babban rami a yi amfani da kan tsohuwar sandar bayan an yanke ragowarta. A yi masa tsaga biyu ko uku a tsaye, a gicciye da zaren, da zarton ƙarfe, a share bakin tsagar da magagari. Idan aka murɗa shi ciki, tsagogin suna kankaro datti suna tarawa, amma ba su da kaifin yanka sabon ƙarfe. A fara da hannu, rabin zagaye gaba, kwata baya, a fito da shi a share, a koma. An gama idan ya shiga ya fita da yatsu ba tare da ya cije ba, kuma kyamara ta nuna ƙarfe yana ƙyalli a gefen haƙoran.

Abin da ya fi yawan faruwa a hitocin bango shi ne a tarar sandar ta ƙare ƙurmus, bindinta ya karye a cikin ramin. Idan akwai ɗan abin kamawa, a jiƙa shi da khal, a damƙe da filaya mai kullewa, a riƙa motsa shi gaba da baya. Idan ya karye daidai da baki, sai an huda tsakiyarsa da siririn bakin dirila a ɓanɓaro ragowar. A nan ya kamata mutum ya yi lissafi. Ramin yana dab da elemen, kuskure kaɗan ya huda shi. Elemen da faifansa ana sayar da su a haɗe, sau da yawa har da sabuwar sanda, kuma canja su gaba ɗaya ya fi arha a kan a rasa hitar. Abin da bai dace ba shi ne dabarar da wasu ke yi ta ɗaure sandar a jikin elemen da waya. Wayar za ta saki, sandar ta faɗi ƙasan tanki tana kwance ba amfani.

Ɗaurawa da gwaji

Farin tef ɗin masu gyaran famfo yana jawo gardama, kuma amsar ta danganta da irin ramin. A ƙaramin bindin M5, M6 ko M8 da ke cikin tanki, ba a sa tef ko kaɗan. Ba ruwa yake tsarewa ba, wuta kawai yake wucarwa. A murɗa da hannu har ya zauna, a ƙara ɗan matsi ta wajen gindi, a kula kada sandar ta jingina da elemen. Ga mai zaren BSP da ke zama a kan roba, robar ce ke tsare ruwa, sai dai a sa sabuwa. Ga tsukakken zaren NPT, zagaye 2 zuwa 3 na tef ya isa, a naɗa shi ta inda agogo ke juyawa idan bakin zaren na fuskantar mai naɗi, a bar haƙorin farko tsirara. Haƙoran suna yanka siririn tef su taɓa juna. Wanda ya naɗa zagaye goma don tsoron ɗiga ya naɗe wa sandar hannu da ƙafa. A shigar da hannu zagaye uku ko huɗu tukuna. Idan ta cije tun a zagayen farko, a karkace ta shiga, a fito da ita a sake.

Ba sai an yi ta zato ba, akwai awo. Mitar gwajin nan da kowane mai gyaran waya ke da ita, daga Farm Centre har teburin bakin tasha a Kwanar Dangora, ita ce alƙali. A juya ta wajen ƙaramin awon om ko wajen ƙara. A fara haɗa bakunan biyu a ga abin da suke nunawa su kaɗai, sau da yawa 0.2 zuwa 0.5. Sannan a ɗora ɗaya a inda aka kankare a jikin sandar, ɗaya a ƙarfen faifai. Abin da ake so shi ne adadi kusa da wancan, ƙasa da om 1. Bayan an mayar da faifan, a sake gwadawa tsakanin faifai da jikin tanki, wajen notin wayar ƙasa, domin robar da ke tsakaninsu ba ta wucar da wuta. Notunan ne ko wata 'yar waya ke haɗa su, kuma su ma suna tsatsa. Tunda mitar na hannu, a auna elemen ɗin: mai wat 1,500 yana nuna kusan om 35, kuma tsakanin bakinsa da jikinsa bai kamata mitar ta nuna haɗuwa ba sam.

Notunan faifai ana ɗaure su ne a gicciye, wannan sannan na gabansa, kaɗan-kaɗan, don robar ta zauna daidai. A buɗe ruwa, a bar famfon zafi a buɗe har iska ta gama fita ruwa ya zubo ba yankewa, a bar shi ya wanke dattin da ya faɗa ciki. Sai tankin ya cika ake kunna wuta. Elemen da aka kunna a bushe cikin ɗan lokaci yake ƙonewa. A naɗa takardar tishu a bakin faifan, a duba bayan awa ɗaya, a sake dubawa bayan ruwan ya yi zafi.

Inda wanki ba zai yi magani ba

Idan bayan an wanke aka ga haƙoran sun zube fiye da rabi, ko sabuwar sanda tana rawa a ramin, faifai sai canji. Idan kuma ramin a jikin tanki yake, ko ruwa yana fitowa ta bakin walda, ko an haska ciki an ga tsatsa tana ɓarewa falle-falle, tankin ya gama yayinsa. Kai shi wajen mai walda jinkiri ne kawai: zafin walda yana fasa shafen da ke kewaye da wurin, sabon huji ya ɓullo a gefen tsohon, a na'urar da wuta da ruwa ke zaune tare a saman kan mai wanka.

Jan ruwa shi kaɗai ba hujja ba ce. Wasu burtsatse ruwansu yana ɗauke da sinadarin ƙarfe tun daga ƙasa, tsofaffin bututun ƙarfe ma suna rina ruwa. A tara na famfon sanyi da na zafi a kofi biyu. Idan duka sun yi ja, ba laifin hita ba ne. Warin ƙwai kuma wasu ƙwayoyin halitta ne ke haifar da shi idan ruwa ya daɗe a kwance tare da maganiziyam. Wanke tanki da dafa ruwan zuwa digiri 60 yana rage shi, idan ya nace akwai sandar alminiyam mai haɗin tutiya. Cire sandar gaba ɗaya, kamar yadda wasu ke yi, yana kashe warin ya kashe tankin tare.

Idan sanyi ya wuce a watan Maris, a zaɓi ɗaya: ko a bar hitar cike taf, ko a zuƙe ta ƙaf. Anod ba ya kare sai inda ruwa ya rufe, kuma a gidajen da tankin sama ke yawan ƙarewa, hitar takan zauna rabi ruwa rabi iska, tsatsa ta yi layi a daidai bakin ruwan. A rubuta ranar da aka canja sandar da maka a jikin murfin, a ajiye hotonta tana sabuwa a waya, a sa ƙararrawa a kalandar watan Oktoba mai zuwa, kafin masu gyara su yi wuyar samu.